Sista Hanci da Na'urar Yatsa

Bakwai saura kwata take shigowa ɗakin gaggawa. Kafin ta ajiye jaka sai ta bi tukwanen oksijin ɗaya bayan ɗaya, ta murɗa, ta kasa kunne. Sannan ta nufi layin marasa lafiya, ta duba leɓe, ta duba farce, ta sunkuya ta shinshina riga. Shinshinar nan ce ta ja mata suna Sista Hanci. Shekara talatin da ɗaya ana kiranta haka, rabi wasa, rabi raini.

Ku tambayi telan bakin kasuwa. Wata safiya ya rungumo matarsa, kai na sara mata, tana amai, tana magana kamar mai maye. Likita ya maƙala mata 'yar na'urar nan a yatsa, mai auna iskar da jini ke ɗauke da ita.

"Casa'in da tara," in ji shi. "Malam, matarka ta fi ni lafiya. Zazzaɓi ne, ta koma gida ta kwanta."

Sista kuwa tuni hancinta na kan mayafin matar.

"Ɗan'uwa, ina kuke ajiye janareto?"

"A falo, Sista, bayan ƙofa. Na farkon ɓarayi suka ɗauke."

"Likita, hayaƙi ne. Ba inda za ta je."

"Au, yau hancinki ya fi na'ura karatu?"

"Na'urarka launi kawai take gani. Gubar hayaƙin ta kori oksijin daga jini ta zauna a wurinsa, jinin kuma ya yi jawur kamar na mai lafiya. In ta koma falon nan, gawa za a dawo mana da ita."

"Na sallame ta, Sista."

Sista ta jawo tukunyar oksijin da kanta, ta ɗora wa matar abin shaƙa, ta tsaya a kanta ƙyam. Bayan la'asar matar ta buɗe ido, ta tambayi wanda ya cire mata ɗankwali. Tela ya zauna a ƙasa yana kuka yana dariya.

Tukwicin Sista? Takardar tuhuma: ƙin bin umarni da ɓarnar oksijin. Takardar ta kwanta a fayil ɗinta, ƙarin girma ya tsallake ta sau uku. Waɗanda ta koya wa riƙe allura suka zama shugabanninta.

Watan jiya ta yi ritaya. Aka ba ta agogon bango, aka tafa, aka watse. A hanyar fita ta ga sabuwar sanarwa manne a ƙofa: duk mai ciwon kai da amai, a tambaye shi inda yake ajiye janareto. Sa hannun likitan nan ne a ƙasa, yanzu shi ne shugaban asibiti. Ta karanta har ƙarshe, ta ce, "To, sun dai rubuta daidai." Ta gyara agogonta a hammata ta wuce.

Ke ce kika sayi numfashin matar da ba ki sani ba da matsayinki, Sista. Ke ce mai tsayuwa inda manya suka juya baya. Ba wanda ya ba ki haƙuri, ba wanda ya cire takardar nan. Mu dai mun gode, Allah Ya saka miki da abin da ofis ya hana ki.

Ku kuma masu farar riga da kuka rage, in na'ura ta ce lafiya, mutum kuwa yana faɗuwa a gabanku, ku sunkuya. Za a iya tuhumarku. Ku sunkuya duk da haka.