Wilin da Ke Ƙarƙashin Randa

A gidanmu na Kabara, har yau randar ruwa a kan wilin mota take zaune. Baƙi kan yi dariya su ce gayu ne. Ni ban taɓa iya taya su ba, domin na san yadda aka yi ya zo wurin.

Shekarar da soja suka koma bariki, ina 'yar firamare. Gari ya cika da sababbin 'yan siyasa, kowa na neman motocin da za su kwashi magoya bayansa zuwa garuruwa masu nisa, kuma ba a ɗaukar mota sai mai walƙiya. Babanmu direba ne. Motarsa tsohuwa ce, wilinta na alminiyam duk ya yi tabo ya dusashe, ga shi ba halin sayen sabo. Sai ya kunce duka huɗun, aka cire musu tayoyi, ya shigo da su tsakar gida. Ya wanke su da garin sabulu, ya goge da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi yana yayyafa ruwa. Inda ya ga rami sai ya cike da fila, in ta bushe ya sake gogewa, sannan ya fesa fenti ruwan azurfa.

Kaka, mahaifiyarsa, tana kallo daga bakin ɗakinta. Baba ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko ido ba sa haɗawa. In tana son wani abu a wurinsa, sai ta ce da mu, "Ku gaya wa ubanku." Da ya fita sallar La'asar na ga ta taso da ludayin ƙarfe tana ƙwanƙwasa wilin ɗaya bayan ɗaya, yadda take gwada tasa a Kasuwar Kurmi. Uku suka yi ƙara tangaram. Na huɗun ya ce ɗif. Ta duƙa ta bi shi da yatsa, ta daɗe a duƙe. Akwai tsaga siririya kamar gashi, Baba ya shafe ta da fila.

Bayan Magariba aka ɗauke wuta. Muka kewaye garwashin murhu kamar kullum, Kaka tana gasa mana gyaɗa. Baba yana can gefe da fitilar ƙwai, yana goge wannan wili na huɗu, domin washegari zai fesa shi a kai motar wurin masu zaɓar wa 'yan siyasa motoci. Kaka ba ta jira mun roƙa ba, ba ta ma jira mun amsa gaisuwar tatsuniya ba. Kuma ita da ke magana ƙasa-ƙasa, ranar sai ta ɗaga murya.

Wai an yi wani mai fito, yana ƙetarar da mutane kogi a cikin wani ƙaton masaki. Wata rana masakin ya tsage daga gindi. Maimakon ya kai a ɗinke, sai ya liƙe tsagar da ƙaro, ya shafe da farar ƙasa har ya fi na kowa haske. Mutane suka yi ta rububin shiga nasa. A ƙarƙashin ruwan kuwa akwai wani abu mai dogon harshe, ba ya kama kowa, ba ya kifar da komai, ƙaro kawai yake so. Duk fito ɗaya sai ya lasa sau ɗaya. Kaka ta goga tsinken tsintsiya a jikin murhu don mu ji yadda lasar take. Ƙanena ya cusa kansa cikin zanena. Ni kaina na kasa waiwaya wajen rijiya.

Ranar da ƙaron ya ƙare, in ji ta, uwar mai fiton tana tsaye a bakin gaɓa. Ta ga ruwa yana tsattsafowa tun bai yi nisa ba. Da ta kira sunansa da ya juyo. To ɗan fari ne.

"Ta ce, kai wannan. Bai waiwayo ba. Ta ce, kai mai masaki. Masu masaki kuwa da yawa a ruwan." Muryar Kaka ta fara rawa. "Sunan yana nan a bakinta, ta kasa fito da shi. Tana kallo har hularsa ta shige."

Muka jira ta ce kifi ya cece shi, ko ya fito a wani gari ya zama sarki. Amma ta yanke tatsuniyar a haka, gyaɗar ma ta ƙone ba ta kula ba. A nan na lura ƙarar samfefa ta tsaya. Ban san tun yaushe ba.

Da safe Baba ya ɗauko wilin ya ajiye a bakin ɗakin Kaka, ya wuce. Ya ɗaura wa motar wani baƙin wili na ƙarfe da ya aro, ta fita da ƙafa uku farare, ɗaya baƙa. Masu zaɓar motocin suka kalle ta suka yi dariya, aka ɗauki ta wani. Mun sha wuya a daminar nan, tuwo ma ba kullum ake samun na dare ba. Kaka kuwa cewa ta yi da ni, "Gaya wa ubanku randata tana son mazauni."

Na yi shekaru ina tsoron mai dogon harshen nan. Sai da na haihu na gane ba don ta tsorata mu muryarta ta yi rawa ba. Ita ce a bakin gaɓar, kuma tsoronta ya fi namu. Har ta koma ga Allah ban ji sunan Baba a bakinta ba, Allah ya ji ƙanta.

Ɗana na fari yanzu ya fara tuƙi. Tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunya, wai ina kiran sunansa gatsal a gaban mutane. Su yi ta faɗa. Duk safiya in ya ɗauki makulli, sai na kira shi da ƙarfi, kuma ba na barinsa ya fita sai ya waiwayo.