Randa Biyu a Ɗakin Ƙasa na Nasim

Har gobe ban manta da ranar da muka miƙa aikin ɗakin ƙasa na gidan Dakta Umaru a unguwar Nasim ba. A 1986 ne, ina shekara ta uku a Riyad, ina aikin tsara cikin gida a wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Sulai. Ni ke auna ɗaki, in zana, in zaɓi fenti da katako, mudir wato shugabanmu ya sa hannu, sannan leburori su shiga. Ku yaran yanzu da kuke latsa kwamfuta ɗaki ya fito, mu da fensir muka yi ta fama.

Dakta Umaru likitan yara ne, ɗan wani tsohon masunci daga Doron Baga, bakin Tafkin Chadi. Ya ɗauko mahaifin nasa, Baba Mamman, saboda ciwon ƙoda, ana yi masa wankin jini a asibiti duk mako. A gida lokacin babu inda za a yi masa wannan kusa da garinsu. Idan ya koma, mutuwa ya koma yi, kuma shi da ɗansa duk sun san haka. Amma tsohon ya kafe sai an ba shi fasfonsa ya koma gida.

"Malam Sani," in ji Dakta ranar da ya zo ofishinmu, "Baba ba ya zama ko'ina sai gabu. Can yake wuni. Ina so ka mayar mini da wurin kamar gidan bakin tafki, ko zai haƙura ya zauna."

Gabu shi ne ɗakin da ake ginawa ƙarƙashin gida. Da na sauka dubawa, na tarar da abin da muka saba gani a wasu gidajen Riyad a shekarun nan: ruwan ƙasa ya taso, bango ya jiƙe har gwiwa, fenti yana ɓarewa, ko'ina warin laima. Ga tsoho zaune a tabarma a kusurwar da ta fi jiƙewa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ni kuwa na ci gaba da awona. A sana'armu laima abokiyar gaba ce, ba a shawara da ita.

Gidan na haya ne, da mai shi ya yarda muka fara. Aka mayar da Baba sama. Muka kankare bangon har siminti, muka shafe da kwalta, muka sake yaɓe, aka haƙa ɗan rami a lungu aka sa famfon da zai riƙa zuƙe ruwa. Sannan na shiga ɓangaren da nake taƙama da shi. Na yi wa bango shuɗi mai haske, na jera katako a ƙasa kamar cikin jirgin ruwa, na rataye taru da filafili, na sa wani Bafilipine mai zane ya zana tafki a bango guda, har da kwale-kwale da rana tana faɗuwa. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin ruwa na girma, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin abin da na zuba a ɗakin nan kewar gida ce tawa. Wani lokacin bayan leburori sun tashi nakan tsaya ina kallon zanen har sai direba ya yi mini hon.

Ranar miƙa aiki Dakta ya riƙo hannun mahaifinsa suka sauko. Mudir yana ta "Masha Allah" yana yaba wa kansa. Baba Mamman ya tsaya a matakalar ƙarshe, bai kalli zanen ba ma. Ya ɗaga kai ya ja numfashi, ya sake ja. Sai ya juya.

"Umaru, mayar da ni sama. Gobe ka nemo mini tikiti."

Idon Dakta ya kawo ruwa. Mudir ya ce da ni da Larabci, "Halas, shi ke nan, aikinmu ya yi, tsufa ne kawai." Ta fuskar aiki gaskiyarsa ne, ko ɗigon ruwa babu a bangon nan.

Washegari bayan la'asar na koma gidan ba da sunan kamfani ba. Na sami tsohon a falo, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, me muka ɓata?"

Ya daɗe yana kallona. "Ɗan nan, kai ɗan ina ne?"

"Yawuri, Baba."

"Ashe ka san ruwa. To in ka taso daga gona da duhun magariba, da ido kake sanin ka kusa kogi?"

Na girgiza kai.

"Garin nan ba shi da ƙamshi," ya ce. "Iskarsu ta inji ce, ƙasarsu ba ta san ruwa ba. Wuri ɗaya na samu da in na rufe ido nake jin ina gida, kun zo kun shafe shi da kwalta. Hoton me zan yi da shi? Ga shi ruwan ma an hana ni sha sai ɗan kaɗan a kofi kamar magani. Na rayu a kan ruwa, yanzu ko warinsa babu."

Ƙamshin da yake faɗa na san shi, shi ne na ɗakin kakata inda randunanta suke zaune kan jiƙaƙƙen yashi.

Da na kai wa mudir shawarata, sai da ya dafe kai. "Mun kori ruwa daga ɗaki, kai kuma za ka shigo da shi da hannunka? In bango ya lalace ba ruwan kamfani." Na ce na ji. Na sa maƙeranmu na Sulai suka yi mini faffaɗan tire na ƙarfe mai baki, na shafe cikinsa da kwalta, na cika da yashin kwari. Na sayo manyan randunan ƙasa biyu, irin waɗanda Larabawa ke kira zir, na dasa su a yashin, na cika su. Na kashe na'urar sanyaya ɗakin, na shimfiɗa tsohuwar tabarmarsa a gefe.

Dakta ma ya so ya hana. "Malam Sani, mutumin da aka ƙayyade wa ruwa za ka ajiye wa randa biyu a gaba?"

"Ba zan sa moɗa ba, Dakta."

Sai da randunan suka yi gumi, yashin ya sha, sannan muka roƙi Baba ya sauko sau ɗaya tak. Ya sauko yana mita. A tsakiyar matakala ya tsaya cik. Ya ƙarasa da kansa ba tare da an riƙe shi ba, ya zauna a tabarma, ya ɗora tafin hannunsa a jikin randa, sannan ya kwantar da kuncinsa a kai ya rufe ido. Muna tsaye ba mai motsi. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Umaru, yaushe ne wankin nan na gaba?"

"Jibi, Baba."

"To Allah ya kai mu."

Bai sake maganar fasfo ba. Ya ƙara shekara biyu da wani abu a duniya, kuma shi da kansa yake yayyafa wa yashin ruwa kowace safiya. Bai sake ganin tafkin ba, a Riyad aka binne shi.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Za a koya muku yadda ake gane lahani a ɗaki da yadda ake kawar da shi, kuma ku koya da kyau. Amma in kun shiga kun tarar da mutum zaune a wurin da ya fi ko'ina lalacewa, ku ajiye tef ɗin awo tukuna, ku zauna kusa da shi ku tambaye shi abin da ya kawo shi nan.