Ranar da Na Ba Tsakar Rana Lamba Uku

Har gobe ba zan manta da ranar haɗuwar masu iri da muka shirya a Tasawa ba. Duk sanda na ga ɗayanku, ku sababbin shiga aiki, ya buɗe ordinater, wato kwamfuta, ya bar ta ta raba wa mutane lokaci yadda ta ga dama, sai ranar ta faɗo mini a rai. A bazarar da ta biyo bayan farin nan ne, wanda damina ta ɗauke tun hatsi bai fidda kai ba, ga sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ina mai shigar da bayanai a wani froje, wato shirin taimakon manoma. Ni ne mai zama gaban na'ura, ni ne kuma ake turawa ƙauye a kan moto, wato babur, idan takarda ta ƙi zuwa.

A wannan shekarar gidaje da yawa sun cinye irin shukarsu. Froje ya ba ƙungiyoyin ƙauyuka takardar karɓar iri, amma kowace ƙungiya ita za ta nemi mai iri su daidaita. Don haka aka shirya yini guda, ranar kasuwar Tasawa, a tara manoman Tasawa da Mayahi, da masu noman iri, da 'yan kasuwa. Kowa ya cika takarda ya faɗi wanda yake so ya gani. Kowane mai iri yana da teburinsa, kowace ganawa minti ashirin, idan aka kaɗa ƙararrawa sai a tashi a ba na gaba wuri.

Babban biro, wato hedikwatarmu, ya aiko mana da wani tsari a cikin ordinater wanda ke raba ganawar da kansa. Aikinsa ba wuya. Ana ba lokutan yini lambobi, sai ya fara cika lamba ɗaya da waɗanda takardunsu suka fara shigowa, idan ta cika ya wuce lamba biyu, a haka har ƙarshe. Jerin mutane a kulle yake, ba ni da ikon taɓa shi. Lambobin lokaci kuwa a buɗe suke, sun zo da safe lamba ɗaya, tsakar rana lamba biyu, marece lamba uku. Wanda ya tsara abin na tabbata mutumin kirki ne, amma bai taɓa jiran motar kasuwa ba.

Da na fita karɓar takardun ƙauyuka, wajen Urafane da Hawandawaki, na yi wani abu da ba a sa ni ba. Duk wanda na karɓi takardarsa sai in tambaye shi da me zai zo, da me kuma zai koma, in rubuta a baya da jan alƙalami. A wani ƙauye na ƙasar Hawandawaki na tarar da Inna Hajo, shugabar ƙungiyar mata, dattijuwa gajeriya mai kaifin baki. Ta kai ni ta buɗe mini rumbunta, babu komai ciki sai zafi. Ta ce matan ƙungiyarta ba wadda ta rage ko tiya guda ta iri, kuma mutum ɗaya take so ta gani, Malam Isuhu na Gidan Amumune, mai irin wake ɗan gaggawa wanda ke nuna ko ruwa ya yi gardama. Mota ɗaya ce ke fita daga wajensu ranar kasuwa. Tana isa Tasawa da hantsi ya yi sosai, tana juyawa da an sallame la'asar.

Ta ce, "Ɗana, in motar nan ta tahi ta bar ni, sai wani sati. In ta kai ni gida hannu wohi kuwa, ban san abin da zan hwaɗa ma mata ba."

Na dawo na shigar da takardu na danna. Na'ura ta yi aikinta cikin ƙiftawar ido, ta ba Inna Hajo ƙarfe biyar da minti ashirin na marece. A lokacin tana can cikin rairayi a bayan mota, ta yi rabin hanya. Ba ita kaɗai ba, kusan duk na nesa haka, domin takardunsu ne suka shigo ƙarshe. Mutanen cikin gari, waɗanda za su iya zuwa da ƙafa ko da magariba, su suka cinye safe da rana.

Na zauna na kalli abin, sai dabara ta zo mini. Tunda na nesa kullum su ke faɗawa lamba ta ƙarshe, to, bari in ɗauki lambar ƙarshe in liƙa wa lokacin da suke cikin gari. Na bar safe a lamba ɗaya, na mai da marece lamba biyu, na ba tsakar rana lamba uku, na kuma rufe lokacin azahar don kada a haɗa mutum da liman. Na sake dannawa. Inna Hajo ta faɗo ƙarfe sha biyu da minti ashirin, teburin Malam Isuhu.

Shugabar bironmu, Madam Fati, mace ce mai bin ƙa'ida. Da ta ga sabon jerin sai ta cire tabarau, ta tambaye ni wa ya ba ni izinin juya tsarin babban biro. Na ce ban taɓa abin da suka kulle ba, abin da suka bari a buɗe na gyara. Na juya mata bayan takardun ta ga jan rubutuna. Ta daɗe tana karantawa. Sannan ta sa yatsa a kan wani suna, Alhaji Maman, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ke da ganawa da Malam Isuhu tun ƙarfe tara.

"Abdu, in wannan ya kwashe waken duka da safe, tsohuwarka za ta zo ta gaida tebur ne?"

Na yi dariya, don ina ji da kaina. Na ce ta kwantar da hankalinta. Na halarci buɗe taro ba adadi, ban taɓa ganin wanda aka buɗe kafin sha ɗaya ba. Kafin babban baƙo ya iso, a yi jawabi, a yi fassara, a sha ruwa, safiya ta tafi, masu ganawar safe sai dai a mayar da su bayan biyar. Madam ta ce to, ta sa hannu, amma idan abin ya ɓaci sunana za ta rubuta a rahoto.

Babban baƙon wani hafsan soja ne. Ƙarfe takwas saura minti biyar motarsa ta tsaya a bakin zauren, muna cikin jera kujeru. Ƙarfe takwas daidai ya miƙe, ya yi jawabi wanda bai kai shan kofin shayi ba, ya ce mutane na jin yunwa, a kama aiki. Ya sara, ya fita. Madam ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Nan na gane ganawar safe za a yi ta a kan lokaci.

Ƙarfe tara na kaɗa ƙararrawa da hannuna, ina kallo Alhaji Maman ya tattara babbar riga ya zauna gaban Malam Isuhu. Daga inda nake ba na jin maganarsu. Na ga Alhaji yana ta nuni da hannu, na ga Malam Isuhu, wani siririn dattijo mai farin gemu, yana duba ɗan katin da muka buga wa kowane mai tebur, mai ɗauke da sunayen baƙinsa da garuruwansu da lokacinsu. Da minti ashirin suka cika suka yi musabaha. Ban iya karanta komai a fuskarsu ba, ban kuma da ƙarfin halin zuwa in tambaya.

Sha ɗaya ta yi, motocin ƙauye suka fara sauke mutane. Na Urafane suka shigo, na wajen Mayahi suka shigo, kowa na miƙa masa katinsa ya wuce teburinsa ba jira. Wannan ɓangaren ya tafi yadda na tsara, har Madam ta saki fuska. Motar Hawandawaki ce shiru. Sai sha biyu da kwata na hango Inna Hajo a bayan kabu-kabu, ta riƙe kallabi da hannu ɗaya. Motarsu ta kafe a rairayi, sai da fasinja suka sauka suka tura. Ko ruwa ba ta sha ba na kama jakarta na kai ta tebur, na tsaya kusa kamar mai gyaran kujera.

Sai da suka cinye minti biyar a gaisuwa, ni kuwa ina ta kallon agogo. Sannan ta fiddo takardar froje daga ƙullin zane ta ajiye. Malam Isuhu bai ko duba ta ba. Ya ce waken matanta yana nan, an ɗaure an ware, amalanke zai kai shi tasha kafin la'asar. Inna Hajo ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ma sai da na juya baya.

Da aka tashi sallah na bi Malam Isuhu wajen alwala, na tambaye shi ko Alhaji bai nemi duka ba. Ya ce ya nema, har da ƙari a kan farashi, shi kuma ya ba shi abin da ya ba shi ya riƙe saura.

"Na duba katinku," in ji shi. "Da a ce na ga sunan matar Hawandawaki da marece, da na san wasa kuke, don motarsu ba ta kai hakan, sai in sallama ma Alhaji duka in huta. Da na gan ta da rana tsaka, sai na ce wanda ya rubuta wanga ya san hanya. Matar nan tana tahe."

Lissafina a kan soja ya kife, wannan na yarda, kuma Madam ta yi shekara tana tsokanata da shi. Duk taron da aka buɗe a kan lokaci sai ta ce a kira Abdu ya zo ya gani. Amma a rahoton da ta aika babban biro ta nemi a ƙara tambayoyina biyu a jikin takardar, aka kuma ƙara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, na'ura ta iya rabo, ba ta gajiya, ba ta son kai, amma ba ta san wane lokaci ne mai kyau ba sai wanda kuka gaya mata. Safiya ba ta fi marece daraja ba, ya danganta da inda mutum ya kwana da abin da zai hau. Mutane kuma suna karanta jerin da muke bugawa fiye da yadda muke zato, daga shi suke gane ko an yi da su ko an rubuta sunansu ne kawai. Shi ya sa har yau ba na sa lamba a kan kowane lokaci sai na juya bayan takarda na ga da me mutum zai zo, da me zai koma.

Da la'asar ɗin ranar na raka Inna Hajo tasha. Ba ta yarda an ɗora buhunan a saman mota ba. A kansu ta zauna har Hawandawaki.