Wuyar da Ta Tsaya a Wuya

Shekarar da aka kashe babana ta yi wuya. Ba ni da kalmar da ta fi wannan, bokona bai wuce aji uku ba. Ina ɗan shekara tara rikici ya tashi a Bawku, mutane suka shigo layin 'yan hatsi, ni ina ɓoye a bayan buhunan gero a shagonmu. Waɗanda suka yi aikin ban san su ba. Amma na ga wanda ya ɗaga hannu ya nuna musu ƙofarmu, kuma shi na san shi, don ya sha cin tuwo a kwano ɗaya da babana.

Bayan sadakar uku aka sa ni a motar kaya, muka bi ta Yendi, har Salaga wurin kakata, Iya Lantana. Ita kaɗai na gaya wa sunan. Ta toshe mini baki da tafin hannu mai warin daddawa, ta ce, "Ka faɗa sau ɗaya. Ya isa."

Abin da ya hana gidan zama lafiya shi ne Baba Ƙarami, ƙanin babana. Ya bar cinikin doya ya koma wasa adda. Kullum bayan isha'i muna zagaye da murhu, Iya tana gasa mana doya, shi yana kan turmi yana goga addar a dutse, idonsa a kaina. Ya san na ga wani abu.

Iya kuwa tana da labaran da babu tsohuwar da ke da su a unguwarmu. Da ƙuruciya ta yi shekaru tana girki a gidan wani Ba'indiye mai kantin yadi a Kumasi, matar gidan, wadda take kira Madam, ta cika mata kunne da labarin allolinsu masu hannu huɗu. Liman ba ya so, shi ya sa take fara kowanne da istigfari.

Wata ranar Alhamis Baba Ƙarami ya ajiye addar ya kira ni.

"Haruna, zo nan. Kai ɗan halak ne ko ba ɗan halak ba? Wa ka gani?"

Wallahi sunan ya taso mini har kan harshe. Sai na ji hannun Iya a bayan wuyana, ta ja ni jikinta.

"Sakar mini angona, yau hirarmu za mu yi. Astagfirullah. Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta mutanen Madam ce, ba addini ba ce."

Ta ce a can akwai na sama da na ƙasa, alloli da dodanni, kuma ubansu ɗaya. Tun da aka yi su suke yaƙi, yau waɗannan su ci, gobe waɗancan. Sai suka ji cewa ruwan hana mutuwa yana ƙarƙashin wani teku na madara, kuma ba ya fitowa sai an burge tekun kamar yadda Bafulatana take burga nono. Babu ɓangaren da zai iya shi kaɗai. Dole suka haɗu, kowa da mugun nufi a ciki. Suka tumɓuke dutse suka yi maburgi da shi, suka naɗa masa wani ƙaton maciji a matsayin igiya.

"Sai dodanni suka ce, mu? Mu riƙe wutsiya? Ai kai za mu riƙe, mu ne manya!" Ta juya doya a wuta, ba ta dubi kowa ba. "Aka bar musu kan. Kowane ja, maciji ya hura musu wuta a fuska."

Aka yi ta ja. Abin da ya fara tasowa ba ruwan rai ba ne, dafi ne, baƙi ƙirin, wanda in ya taɓa ƙasa ba abin da zai saura. Na sama da na ƙasa duk suka ja da baya. Sai wani daga cikin manyansu, mai zaman kaɗaici a kan dutse, ya tara hannu ya kwashe dafin ya kurɓe. Matarsa ta yi wuf ta shaƙe shi. In ya haɗiye, ya ƙone cikinsa. In ya tofar, ya ƙone duniya. Dafin ya tsaya masa a wuya, wuyan ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina.

Duk wannan, yatsunta suna nan a wuyana, har suna yi mini zafi.

Na ce, "Iya, ruwan rai fa?"

"Ya fito. Suna ganinsa suka koma dambe a kansa. Ƙurunƙus."

Baba Ƙarami ya miƙe. "Iya, ɗanki aka yanka, kina mana labarin maciji!"

"Na sani, ni na haife shi. Kai kan macijin kake nema. Ɗaya ya tafi, ba zan ba su na biyu ba." Sannan ta sunkuyo kunnena. "Wata wuyar, angona, a wuya take zama."

Wata guda ina leƙa randar ruwa ina duba ko wuyana ya fara shuɗi.

Ba zan ce labarin ya ba ni kwanciyar hankali ba, ƙarya ke nan. Mutumin da ya nuna ƙofarmu ya tsufa, ya yi sallah a sahun gaba, ya mutu a kan gadonsa. Baba Ƙarami ya rasu yana jin haushina. Ni kuma shekara arba'in da wani abu ina kai doya Bawku, ina wuce ƙofar gidan nan, jikokinsa suna gaishe ni, ina amsawa. Abin da na gane kawai shi ne, a labarin Iya kowa ya ja igiya, kowa yana da hujja, amma duniya ta tsira ne saboda mutum ɗaya ya rufe bakinsa, kuma ba a cire masa dafin ba har yau.

Watan jiya Bawku ta sake ɗaukar zafi, aka harbe abokin ɗana Sadiku. Sadiku ya zo Salaga idonsa jajir. Ashe kafin Baba Ƙarami ya rasu ya tsegunta masa cewa na san wanda ya nuna ƙofarmu.

"Baba, sunan kawai. Tun daga kan kakana suke mana haka."

Na ce ya zauna. Na fara masa labarin tekun madara, ban kai ga macijin ba ya katse ni.

"Haba Baba! Ana kashe mu kana mini tatsuniyar Indiya?"

Na ce, "Ita na gada." Ya fita ya bugo ƙofa. Na ji bai tayar da babur ɗinsa ba, na gode wa Allah.

Washegari bayan asuba na loda doya, na tashe shi, na ba shi makullin mota na ce yau shi zai tuƙa, kuma a Yendi za mu sauke, Bawku ta jira. Ya karɓi makullin ya shiga mota. Da na zauna na juyo madubin gefe na duba wuyana. Yana nan baƙi yadda yake. Na ja rawani na rufe shi, na ce, "Mu je."