Mun Kai Yaya Abuja Awon Ƙwaƙwalwa

Mun tashi da asuba daga Zariya, ana idar da salla muka shiga mota: ni, da yayata, da mijinta a kan sitiyari. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, ga labarin.

Yaya malamar firamare ce, irin waɗanda in suna koyar da 'yan aji uku sai 'yan aji shida ma sun ƙaru, saboda murya. Tun bayan azumi harshenta ya fara nauyi. Muka ce gajiya ce, aka ce shanyewar ɓarin jiki, amma hannu da ƙafa lafiya lau. Daga baya ruwa ya fara sarƙe ta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har a gida an fara nuna wata abokiyar aikinta da baki. Likitan jijiyoyi da ya duba ta ya yi nasa gwaje-gwajen, sannan ya ce akwai awon da yake so a ƙara da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, kuma na'urar da ke kusa da mu ba ta yin irinsa. Sai Abuja.

Damina ta zauna, masara ta fi mutum tsawo hagu da dama. Har Kaduna ana ɗan taɓa hira. Muna fita Kaduna motar ta yi tsit, don duk mai bin hanyar nan ya san abin da ake gudu a dajinta. Mijin Yaya ya riƙe sitiyari hannu bibbiyu, bakinsa na motsi.

A Jere muka tsaya shan mai. Doya jibge a bakin titi, tsadarta kuwa sai ka ce daga jirgi aka sauke ta. A da Yaya ce mai ciniki, ba mai kayan da ke rabuwa da ita bai yi gumi ba. Ranar ni na taya gasasshiyar masara, mai masarar ta sallama nan take, Yaya ta mintsine ni, alamar an cuce ni. Na miƙa mata ɗaya, ta karɓa, ta shinshina, ta dawo min da ita. Na manta ba ta iya haɗiyarta. Ba wanda ya ci masarar nan.

Muka yanke ta Bwari, hanya mai kwana-kwana cikin duwatsu. Wajen Ushafa muka wuce matan da ke jera tukwane da tuluna, jajaye da baƙaƙe, muka gangara cikin birni. A Maitama wurin awon yake. Tituna shimfiɗe, masu gadi a kowace ƙofa, wani yana wanke mota, wani yana ba fulawa ruwa, amma babu mai tafiya a ƙasa da za ka tambaye shi hanya. Mijin Yaya ya ce garin nan katanga ta fi mutane yawa.

Wata ma'aikaciya 'yar Filato ta karɓe mu, mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja. Ta sa aka cire 'yan kunne, zobe da fil ɗin ɗankwali, don na'urar maganaɗisu ce, ba ta shiri da ƙarfe. Da Yaya ta yi murmushi ta hango haƙorin Makka.

"Mama, wannan haƙori naka zinari ne na gaskiya?"

Yaya ta nuna mijinta da yatsa, wato shi ya biya, a tambaye shi. Ya rantse zinari ne. Sai da aka kira oganta ya leƙa bakin, ya ce ba zai hana aiki ba.

Ma'aikaciyar ta yi mana bayani. Ba hoto kaɗai za a ɗauka ba. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai wani gindi da bai fi babban yatsa ba. Daga nan ake sarrafa harshe, haɗiya da numfashi. Jijiyoyin wurin suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, na'urar kuma za ta auna yawansu ba tare da an tsaga ko'ina ba. Sai dai wurin ƙarami ne, ƙashi ya kewaye shi, yana kuma motsi da bugun zuciya. Ɗan girgiza kaɗan zai ɓata awon. Sharaɗi shi ne Yaya ta kwanta rigingine, kada ta motsa, kada ta yi tari.

Abin da ciwon ya hana ta ke nan. Aka tura ta cikin ramin na'urar, ƙara ta tashi kamar ana daka a turmin ƙarfe. Ba a yi nisa ba yawu ya taru mata a maƙogwaro, ta sarƙe, aka janyo ta tana haki, idanu jajur. Aka sake, aka sake janyo ta. Mijinta ya ce mu haƙura mu tafi gida. Yaya ta girgiza kai, ta ja kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

"Ban zo nan don in koma da zato ba."

Aka zuƙe mata yawun da wani siririn bututu, aka ɗan tokare kafaɗunta da matashi, aka bar ni na shiga bayan na cire nawa ƙarafan. Na riƙe ƙafarta. Ina jin yatsunta suna ƙanƙamewa duk sanda tari ya taso, tana danne shi. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Da ƙarar ta tsaya, ma'aikaciyar ta leƙo ta ce, "Mama, ka yi ƙoƙari. Ya fito."

A Gwagwalada muka kwana, gidan ɗan kawunmu da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya. Kuɗin haya ne ya koro shi daga birni. Zafin garin ko damina ba ta karya shi. Matarsa ta yi tuwo da miyar kuɓewa, Yaya ta sha miyar da cokali ta bar tuwon.

Washegari muka koma muka ga likitan wurin awon, ɗan Arewa ne, mai magana a hankali. Ya nuna mana wani zane a allon kwamfuta, layi ne mai hawa da sauka kamar jerin tsaunuka. Kowane tsauni sinadari ne. Ya taɓa ɗaya, ya ce wannan ne ke zaburar da jijiyoyi, a wurin Yaya ya yi yawa, yawansa kuma yana gajiyar da su. Ya taɓa wani da ya kamata ya fi kowanne tsawo, mai nuna lafiyar jijiyoyin, ga shi ya rusuna. Ya ce awon nan shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma ya zo daidai da abin da likitanmu ya gani: jijiyoyin da ke motsa tsoka ne suke mutuwa sannu a hankali. Akwai maganin da ke rage masa gudu. Na warkewa babu. Magana za ta tafi, haɗiya za ta ƙara wuya, wata rana har numfashi.

Mijin Yaya ya cire hula ya riƙe a hannu. Yaya ta tambaya, "Hankalina fa?"

"Hajiya, yawancin masu ciwon nan hankalinsu yana nan daram."

Ta gyaɗa kai. Har yau ban san ko daɗi ta ji ko tsoro ba.

A hanyar dawowa ruwa ya tare mu tun daga Kaduna, muka riƙa rarrafe a bayan manyan motoci. La'asar sakaliya muka shiga Zariya. Inna, mahaifiyarmu, na zaune a tsakar gida, ta ɗago ta ce, "Me suka gani?" Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga min hannu. Ita ta faɗa da kanta, tiryan-tiryan, kalma tana fita da ƙyar, babu abin da ta rage. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Mun je neman magani, mun dawo da sunan ciwo, kuma na ga ashe sunan ma yana da amfani: ya sa mun daina yawo da ita, mun fara shirin zama da ita. Ku sa Yaya a addu'a. Jiya ta ce a kai ta makaranta, tana so ta yi sallama da 'yan ajinta da bakinta tun suna gane abin da take faɗa.