Motar da Inna Take Shiga da Kanta

Motar da na saya a Maraɗi ta wani matashi ce a da, kuma ya sa an sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa shafar kwalta. A birni wannan gayu ne. A hanyar Gabi kuwa, inda ƙafafun amalanke suka bar tudun yashi a tsakiya, nan take kafewa, in fito ina zagin mutumin da ban taɓa gani ba.

Na kai ta gareji a Madarumfa. Bakaniken ya duba ƙarƙashinta ya ce abu mai sauƙi ne, zobe kawai zai murɗa motar ta tashi. Muka tsayar da Asabar.

Ranar Juma'a na ɗauki Inna zuwa gaisuwa a Safo. Ta daɗe ba ta shiga mota sai an tallabe ta, saboda ciwon gwiwa. Ran nan da kanta ta buɗe ƙofa ta zauna, ta gyara mayafinta, ta ce, "Wannan motar ta san manya."

Ban koma gareji ba. Shebur na saya, yana bayan motar har yau.