Gafakar Baffa a Hanyar Dutse

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damuna, shekara uku bayan an ba mu jihar Jigawa, lokacin da man fetur ya yi wuyar da motar kasuwa ta daina shigowa ƙauyenmu na ƙasar Miga. Da sassafe Baffa, mahaifina, ya fito da baƙin kekensa tsakar gida ya kifa shi, yana ɗiga wa sarƙar mai yana juya feda da hannu. Inna, mahaifiyata, tana gefe tana ɗaure mana fura da ƙuli-ƙuli. Ta riƙa ɗaga kai tana duban gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ni kuwa ina tsaye cikin sababbin silifas shuɗɗa da aka saya mini don shiga aji shida, ina jin kamar Makka za ni. Shekarata goma sha ɗaya, ban taɓa wuce Jahun ba, ga shi yau za ni Dutse.

Asalinmu Fulani ne, amma kafin a haife ni shanun sun ragu har kakanmu ya zauna wuri ɗaya. Baffa yana da makarantar allo a zaure, yana noman gero a tudu da shinkafa a fadama kamar kowa. Abin da ya raba shi da sauran mutane shi ne rubutu. Wajen shekara bakwai ya yi yana hawa keken nan yana bin tsofaffi ruga-ruga, yana tambayarsu ta ina kakanninmu suka ɓullo, wane burtali suka bi da shanu, wa ya haƙa wace rijiya, su wa yunwa ta kashe, su wa suka yi gabas ba su dawo ba. In ya dawo sai ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiya bayan la'asar, ya rubuta da ajami. Ni ce mai haɗa masa tawada. In na gama wanke ƙore da ɗebo ruwa, sai in daka gawayi in jiƙa ƙaro, ina jiyo ƙawayena suna carafke a bayan danga. Maƙwabta kan yi masa ba'a su ce, “Malam ya bar tatsar shanu ya koma tatsar tsofaffi.” Shi dai murmushi yake yi ya tsoma alƙalami.

A damunar nan ne wani tsohon ɗalibinsa, Malam Hudu, wanda yake akawu a Dutse, ya aiko cewa ya samu hutu kuma yana da tafireta a gida. In Baffa ya zo cikin makon zai buga masa littafin da boko, domin wata mai zuwa za a yi masa canjin wurin aiki. Baffa ba ya karanta boko, saboda haka yana son wanda zai duba masa ko abin da ya faɗa ne aka buga. Ƙannena duk ƙanana ne, sai ni. Ni ce 'yar fari, kuma saboda kunyar Fulani bai taɓa kiran sunana ba, “'yar boko” yake ce mini. Ya naɗe takardun cikin leda biyu, ya zura su a gafakarsa ta fata, ya rataya mini a wuya, ya ce aikinsa feda, aikina gafaka.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Na zauna a kariyar keken a kan ninkakken buhu, na rungume gafakar a ƙirji, na sunkuyar da kai a bayansa. Rigarsa ta manne da jikinsa har ina ganin ƙasusuwan kafaɗarsa suna motsi. Laka takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi tafiya, sai mu sauka in samo tsinke in riƙa ƙwaƙulewa, mu tura, mu sake hawa. A Jahun taya ta yi faci, muka fake a rumfar mai gyara, muka dama furarmu. A can Baffa ya sa na kwance ledar don ya ga ko ruwa ya shiga. Bai shiga ba, na mayar na ɗaure, amma saboda sanyi ban ja ƙullin da kyau ba.

Abin da ban manta ba shi ne yadda ya yi ta magana a hanya, mutumin da a gida ba ya haɗa ido da ni. Duk kukar da muka wuce ya san wanda ya taɓa sauka a gindinta da garke. Ya nuna mini wani fili da gero ya rufe, ya ce a nan aka haifi kakarsa. Iska tana kwashe rabin maganar, ni kuma rabin hankalina yana kan silifas ɗina, kada laka ta ɓata su kafin 'yan Dutse su gani.

Bayan azahar ya bar titi ya yanke ta wata hanyar ƙasa da ya sani don mu rage nisa. Muka tarar da wani kwari ya ɗauko ruwa, ja wur, yana gudu. Baffa ya shiga ya gwada, iya gwiwarsa. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya ce in cire gafakar daga wuya in ɗora a ka, in riƙe da hannu biyu, in bi sawunsa. Ya ce in cire takalmi ma, amma ban cire ba. Muna tsakiyar ruwa na ji silifa ɗaya ya zame daga ƙafata, na gan shi ya taso yana juyi zai tafi. Ban yi tunanin komai ba, na saki gafakar na kai masa wawura. Na kamo takalmin, gafakar kuwa ta faɗa ruwa.

Baffa ya yar da keken ya bi ta da gudu, ya faɗi ya tashi, sai can inda wata ƙaya ta tare ta ya ciro ta. Da muka hau tudu ya buɗe, baƙin ruwa ne ya fara zubowa ta tsakanin yatsunsa. Tawadar gawayi ba ta jure ruwa, don haka ma ake wanke allo da sauƙi. Takardun da ke tsakiya sun tsira, na sama da na ƙasa kuwa sun zama toka-toka, ba harafi ko ɗaya. Ya daɗe a durƙushe yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo.

“Kin ji ciwo, 'yar boko?”

“A'a, Baffa. Santsi ne ya kwashe ni.”

Ya dubi hannuna da ke riƙe da takalmin, ya dubi fuskata, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Daga nan har Kiyawa, inda muka kwana a gidan wani abokin karatunsa, bai ƙara nuna mini ko kuka ɗaya ba.

Washegari muka shiga Dutse cikin yayyafi. Na ga manyan duwatsun da itatuwan dabino da nake ta ɗokin gani, amma ba su shiga raina ba. Kwana uku Baffa yana karanta abin da ya tsira, Malam Hudu yana bugawa, ni ina bin layi da yatsa ina gyara. Abin da aka samu bai kai rabi ba. Labarin ya fara daga tsakiya, ya kuma tsaya a tsakiyar maganar wata rijiya.

Da muka dawo gida bai gaya wa Inna yadda aka yi ba, ya ce ruwa ne kawai. Bayan an yi girbi ya sayo mini littafin rubutu mai kauri da biro biyu. Ya ce yawancin abin da ya wanke yana nan a kansa, in riƙa zama bayan la'asar yana faɗa ina rubutawa da boko, tunda biro ba ya jin ruwa. Sau biyu na zauna. Duk sunan da ya ambata sai in ga baƙin ruwan nan a hannunsa, in rasa inda zan sa idona. A rana ta uku na ce Inna ta aike ni, a ta huɗu na ce kaina ke ciwo, na zagaya ta bayan gida na tafi gaɗa. Bai matsa mini ba. Shekara ta zagayo na tafi makarantar kwana, duk hutu in ce masa sai hutu mai zuwa, shi kuma ya ce to. Ya gwada sake rubutawa da kansa, amma idonsa ya fara hazo, tsofaffin da zai koma wa kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, zaurenmu ya cika da masu tambaya, wannan rabon gado, wancan zakkar shanu, wani rikicin gona da burtali. Keken ya koma jingine a rumbu har tayoyin suka tsage. Zuwana na ƙarshe ina kwalejin horon malamai, na tarar da shi a gindin darbejiya hannu wofi. Ya tambaye ni ko na zo da littafin rubutun nan da ya sayo mini. Na ce jarrabawa ce a gabana, amma da na gama zan zo mu zauna sosai. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ba komai. Sunayen ne dai suka fara guduna.” Bai ga damunar da ta biyo ba.

Yau a Dutse nake zaune, ina koyarwa, ina kuma rubuta littattafai. In na sallami yara daga makaranta nakan buɗe kwamfuta in yi shafi biyu ko uku, in na yi kuskure in goge, in wuta ta ɗauke abin yana nan a ajiye. Tafiyar da ta ci mana kwana biyu yanzu mota kan yi ta tsakanin hantsi da azahar, kwarin nan ma an yi masa kwalbati. Bara na ɗauki waya na bi rugagen ƙasarmu da niyyar naɗar muryar duk wanda ya san wani abu, in cike gurbin. Ban tarar da tsoho ko ɗaya daga cikin na Baffa ba, sai jikokinsu, wasu a kan babur, wasu a shago. Suka karɓe ni hannu bibbiyu, suka kawo mini nono. Da na tambayi wani dattijo a cikinsu sunan wanda ya fara kawo su wurin, sai ya yi dariya ya ce ai ni ce mai wannan amsa, kakansa ya gaya wa Malam mahaifina komai, Malam kuma ya rubuta, in je gida in duba. Na ce masa to, na yi godiya, na koma mota na zauna. Na iya rubutu yanzu, sai dai wanda zan rubuta daga bakinsa ya riga ya yi shiru.